Wa Ke Kula da Shafin Intanet Bayan An Buɗe Shi?

A ranar 15 ga Oktoba, 2014, masu kula da tsaron manhajar Drupal, wadda dubban ma'aikatu da jami'o'i ke gina shafukansu na intanet a kanta, suka sanar da cewa an gano wata mummunar kafa a cikinta, suka kuma fitar da gyara. Mako biyu bayan nan suka sake fitar da wata sanarwar da ta fi ta farko tayar da hankali: duk wanda bai ɗora gyaran a cikin sa'o'i bakwai da fitowarsa ba, to ya ɗauka masu kutse sun riga sun shiga shafinsa. Sa'o'i bakwai ba su kai tsawon barcin dare ɗaya na wasu mutane ba. Wannan lamari ya nuna abin da yawancin masu biyan kuɗi a gina musu shafi ba su sani ba, wato ranar da aka buɗe shafi ita ce ranar da wahalarsa ta fara. Saboda haka nake ganin ƙaramin zaman da masu gina shafuka da masu kula da su ke yi a gari ɗaya, sau ɗaya a wata, ya fi muhimmanci a kan yadda ake ɗaukarsa, har ma ya fi manyan tarukan shekara-shekara da ake yi wa kwalliya da riguna masu tambari.

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane dalili. Shafin makaranta ko na asibiti ko na jarida ya dogara ne a kan abubuwa da dama waɗanda kowanne ke da ranar lalacewarsa. Sunan shafin haya ne, in ba a sabunta kuɗinsa ba wani yana iya saye. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin ita ma haya ce. Takardar shaidar tsaro da ke sa a ga ɗan kwado a gefen adireshi a wasu manhajojin buɗe shafi tana ƙarewa. Wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kyauta ta daɗe tana ƙarewa bayan kwana 90, kuma tun Yulin 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Sannan ga ita kanta manhajar da aka yi ginin da ita. WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, tana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma ƙarfinta yana cikin dubban ƙananan manhajojin da ake liƙa mata domin ƙarin aiki, kamar karɓar kuɗi ko cike fom. Kowace daga cikinsu mutum daban ne ya rubuta ta, wasu an daina kula da su shekaru, kuma ta nan ne ɓarna ta fi shigowa. Duk wannan nauyi, a mafi yawan ƙananan shafuka, a kan mutum ɗaya yake: matashin da aka biya sau ɗaya, kalmar sirri na hannunsa shi kaɗai, wataƙila ma ya tafi bautar ƙasa ko ya canja lambar waya.

Kaɗaicin wannan mutum ɗaya shi ne ainihin raunin, kuma shi ne abin da zaman gari ke magani. Al'adar ba sabuwa ba ce. A 1975 wasu masu sha'awar kwamfuta suka fara haɗuwa a wani gareji a Menlo Park ta jihar Kalifoniya a ƙarƙashin sunan Homebrew Computer Club, kuma a wajen zamansu ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko. Masu WordPress sun yi taronsu na farko mai suna WordCamp a San Francisco a 2006, daga baya suka shimfiɗa tsarin ƙananan ƙungiyoyi a birane, da sharuɗɗa masu sauƙi: ƙofa a buɗe take ga kowa, 'yan sa-kai ne ke shiryawa, kuma ba a mayar da zaman tallan kamfanin wani. Legas ta yi nata WordCamp a 2018. Ƙungiyoyin Google Developer Groups suna da rassa a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, sannan akwai wuraren haɗuwa irin su CoLab da aka buɗe a Kaduna a 2016. Ke nan ba tsari ake nema daga farko ba. Abin da ya rage shi ne a gane wane ɓangare na tsarin ne ke da amfani na gaske, a riƙe shi.

Hujja ta farko da za a kawo domin sukar wannan ra'ayi mai ƙarfi ce: me zai sa mutum ya biya kuɗin adaidaita sahu ya je zama, alhali YouTube cike yake da darasi kyauta, dandalin tambaya da amsa na Stack Overflow yana nan tun 2008, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya cikin daƙiƙa? Amsar ita ce waɗannan duka suna amsa tambayar da mutum ya san yadda zai yi ne. Wanda bai san cewa kwafin ajiyarsa ba ya aiki ba, ba zai taɓa tambaya a kai ba. A zaman gari kuwa, sai wani ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ya ce bari ya nuna yadda ake dawo da shafi daga kwafin ajiya, a gaban mutum goma sha biyar fayil ɗin ya ƙi buɗewa, a tarar wata shida ana ajiye fanko. Kafin a tashi, rabin waɗanda ke ɗakin sun buɗe nasu suna dubawa. Ƙari a kan haka, akwai matsalolin da mai darasi daga Amurka ko Indiya bai san da su ba. A 2022 bankunan Nijeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa a ƙetare da katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, lamarin da ya sa biyan hayar masaukin shafi ya zama jidali. Faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta ƙara dagula lissafi. Wane kamfanin masauki na gida ne ke amsa waya idan shafi ya faɗi da tsakar dare? Yaya ake haɗa hanyar karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave da kantin intanet ba tare da kuɗin mutane ya maƙale ba? Wane salon harafi ne ke nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai, maimakon ya mayar da su 'yan akwatuna a wayar mai karatu? Irin wannan sani a bakin waɗanda suka sha wahalarsa yake, kuma yana sauyawa kafin a rubuta shi.

Hujja ta biyu ba kasafai ake faɗinta a fili ba, amma ita ta fi hana mutane zuwa: tsoron kada abokin sana'a ya ƙwace kwastoma ko ya kwashe sirrin aiki. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga amsar wannan. Masu gyara suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna aron kayan aiki, wanda aiki ya fi ƙarfinsa ya tura wa na kusa da shi, kuma taruwarsu wuri ɗaya ce ta sa mai waya ya san inda zai nufa. Binciken masanin zamantakewa Mark Granovetter, wanda ya shahara tun 1973, ya nuna cewa a cikin ma'aikatan da ya tambaya a wani gari kusa da Boston, waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani mutum sun fi samu ta hannun wanda suke gani jefi-jefi, ba aminin kullum ba. Dalilin a bayyane yake: amini abin da ka sani shi ma ya sani, amma wanda kuke haɗuwa sau ɗaya a wata yana jin labarin da bai iso gare ka ba. Zaman gari masana'antar irin wannan sanayya ce. Mai shafi ma yana cin riba, domin idan wanda ya gina masa ya ɓace, akwai wasu da suka san shi, suka san salon aikinsa, za su iya karɓa.

Hujja ta uku ita ce mafi cancantar a saurara: cewa waɗannan ƙungiyoyi hannun manyan kamfanoni ne, ana tara matasa ne domin a ɗaure su ga kayan Google ko na Automattic, kamfanin Mullenweg. Akwai gaskiya a ciki. A Satumbar 2024 rikici ya ɓarke tsakanin Mullenweg da kamfanin masauki na WP Engine, aka toshe wa kamfanin hanyar ɗauko sabuntawa daga rumbun WordPress, magana ta kai kotu. Masu shafukan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka tsinci kansu a tsakiya. Sai dai darasin da ke cikin wannan yana ƙarfafa zaman gari ne. Ƙungiyar da ta dogara da tambari da kuɗin wani kamfani tana mutuwa ranar da kamfanin ya juya baya. Wadda ta dogara da ɗakin aro a makaranta, da karo-karon kuɗin man janareta, da mutanen da suka san juna, tana iya zama ta tattauna ko lokaci ya yi da za a koma wata manhajar. Lasisin GPL da WordPress da Drupal ke ƙarƙashinsa ya ba kowa damar kwafa da gyarawa, amma damar ba ta da amfani ga wanda ba shi da abokan da za su taya shi amfani da ita.

Wannan ne kuma ya sa babban taron shekara ba zai maye gurbin ƙaramin zama ba. A babban taro ana sauraron jawabi, a yi hoto, a watse, kuma ba wanda zai miƙe a gaban mutum ɗari biyar ya ce an yi wa shafin kwastomansa kutse bai san ta inda aka shiga ba. A zaman mutum ashirin da suka saba da juna ana iya faɗin haka, kuma daga faɗinsa ake koyo. Amma sabo ba ya samuwa sai da ɗorewa, ɗorewa kuma tana bukatar abubuwan da ba su da armashi: rana tsayayya da kowa ya sani, masu shiryawa fiye da ɗaya domin kada tafiyar mutum guda ta kashe ƙungiya, lokaci da wurin da mata za su iya zuwa su koma gida kafin magariba, da yin bayani da Hausa idan ita ce za ta sa sabon shiga ya yi tambaya.

Saura masu shafukan kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma makarantar da ke karɓar sunaye da hotunan ɗalibai ta intanet tana cikin wannan sahu. Shugaban irin wannan makaranta ba zai iya tantance ingancin manhaja ba, amma yana iya tambayar mai kula masa da shafi su wane ne abokan sana'arsa a gari, kuma wa zai karɓi aikin idan ba ya nan. Yana kuma iya ba da aron aji ɗaya da wutar lantarki ranar Asabar ɗaya a wata, wanda kuɗinsa bai kai na sake gina shafin da aka lalata ba.