Kasuwa Ta Koma Cikin Gida A Yantala

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu mata suna cikin kulle suke soya ƙosai, su dama fura, yara su ɗauki talla. Abin da ya sake a yau shi ne ɗan tallar: salula ta karɓe farantin.

A Yantala, nan birnin Yamai, akwai gidajen da ba za ka ga tebur ko rumfa a ƙofarsu ba, amma ciniki ake yi a ciki. Uwargida ta ɗauki hoton atamfa, shadda ko turaren wuta, ta sa a WhatsApp. Mai so ta aiko kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Babu kuɗin rumfa, babu na taksi zuwa Babbar Kasuwa. Waɗanda suka tuna gobarar Ƙaramar Kasuwa a 2012 sun san darajar ajiye haja inda mutum yake kwana.

Abin ya ƙara ƙarfi a 2020, lokacin da korona ta sa aka killace Yamai. Daga nan ne wasu suka gane cewa ko suna kan hanya ciniki bai tsayawa. Hajiya tana Kantin Kwari a Kano tana nuna zannuwa ta bidiyo, abokan cinikinta na Yantala suna zaɓa. Kafin ta hau mota ta san wanda ya riga ya samu mai shi.

Sai dai salula hoto take ɗauka, ba ta ɗaukar dila. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, Najeriya kuma ta yanke wuta. Ga masu saye, ga hotuna, amma kaya suna tsallake, waya kuma babu caji. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Wadda ta karɓi kuɗin mutane kafin kaya su iso ita ta fi shan wuya, domin a gida take, kuma kowa ya san gidan.

Koken da muka fi ji daga masu kiranmu a rediyo shi ne bashi. Maƙwabciyar da za ta ji kunyar cin bashi a kasuwa, a tsakar gida sai ta zauna, ta sha ruwa, ta tafi da turmi biyu sai ƙarshen wata. Kuɗin haja kuma, tun da kusa da murhu yake, shi ake fara taɓawa in cefane ya gaza. Ga masu turo hoton rasit na ƙarya. Don haka, Hajiya, kada kaya su fita sai saƙon kuɗin ya shigo wayarki, ko kin karɓa a hannu, ko da mai sayen ta ce ɗan kabu-kabu yana ƙofa yana jira.