Karen Farautar Zomo: Yadda Za a Hore Shi, a Kuma Kula da Lafiyarsa

Da zarar an gama yankan dawa, an kai amfani rumbu, sai samarin ƙauyukanmu su ɗauko gorori, su kira karnuka, a nufi daji. Haka ake yi daga Shanga har Birnin Yauri, daga Ngaski har Wara. Zomo ake nema. Namansa yana gyara miya a lokacin da kaza ta yi tsada, kuma duk manomin da ya taɓa iske gonar wakensa an yi mata aski cikin dare ɗaya ya san dalilin da ya sa ba a tausayin zomo.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma kare ne mai yin gudun nan. Duk da haka a gidaje da yawa shi ne dabbar da aka fi wulakantawa. Sa yana da dusa, akuya tana da harawa, kare kuwa sai abin da ya tsinta a juji. Ranar farauta sai a ce ya yi lalaci.

Zomon daji dabam yake da wanda muke kiwo a akurki. Ba ya haƙa rami. Da dare yake kiwo, da rana ya lafe cikin ciyawa ko gindin sabara, ya yi lamo har mutum ya kusa taka shi. In ya tashi, sai ya sheƙa, ya karya kwana, ya sake karyawa. Don haka aikin kare iri biyu ne: ya gano inda zomo ya lafe da hancinsa, sa'an nan ya bi shi da ido da ƙafa. Karnukanmu na gida, masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, sun isa wannan aiki. Ba sai an kashe kuɗi wajen neman karen Turawa ba, wanda zafin bazara da kaska za su kayar da shi cikin shekara guda.

Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63. Wanda ke son kwikwiyo ya fara duban uwar, ya tambayi waɗanda suka yi farauta da ita. Kada a raba shi da nono kafin ya cika mako 8. Kwikwiyon da aka cire da wuri yakan tashi da tsoro, ko da yawan cizo.

Horo na fari, wanda ya fi kowane, shi ne kira. A sa masa suna gajere, a zaɓi fito iri ɗaya, kada a riƙa canjawa. Duk lokacin da za a ba shi abinci, a kira sunan, a yi fiton. In ya zo, a shafa kansa, a ba shi loma. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe wannan aiki, domin in uba yana kira da wata murya, yara biyar kuma kowa da tasa, kwikwiyo ba zai san wa zai bi ba. Kuma kada a taɓa kiran kare don a doke shi. Wanda aka kira ya zo ya sha sanda, gobe in ya ji fito sai ya ƙara nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, a hankali.

Horo na biyu shi ne ya bar dabbobin gida. Tun yana ƙarami a riƙa ratsawa da shi cikin kaji da 'yan awaki, yana ɗaure da igiya. Ya zabura, a ja igiyar, a tsawata masa da kalma ɗaya. 'Yan'uwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da rani Filani suna gangaro da shanu da tumaki bakin tafki, kuma a garuruwa da dama muna zaune katanga ɗaya da Musulmi, waɗanda yawancinsu ba sa son kare ya kusanci kwanukansu ko wurin sallarsu. Kare ɗaya da ya yaga ɗan tunkiya ya isa ya ɓata zaman lafiyar da dattawan ikilisiya suka yi shekaru suna ginawa.

Sai bayan waɗannan biyu a shiga maganar zomo. A samo busasshiyar fatar zomo, a ɗaura mata igiya, a ja ta cikin ciyawa, a ɓoye. In ya gano, a yaba masa, a karɓe fatar a musanya masa da abinci. Ta haka yake koyon cewa abin da ya kama na maigida ne, kuma sakinsa yana da lada. Da ya kai wata 7 ko 8 sai a fara fita da shi bayan tsohon kare mai hankali, da sassafe, na ɗan lokaci. Daga tsoho zai koyi yadda ake tare wa zomo gaba. Haka kuma zai koyi mugun hali in tsohon mai gudu da nama ne, don haka a duba wa za a haɗa shi da shi.

Batun abinci ba shi da wuya a ƙasar Yauri. Tuwon dawa ko na masara, da ƙanzo, da romon kifi ko ɗan busasshen kifi da aka daka, sun wadatar. Babba sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Kada a cika masa ciki gab da fita. A bari sai an dawo ya huta. A tafi da goran ruwa dominsa, gama kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, kuma gudun tsakar rana a watan Maris yana iya kashe shi. An dawo, a duba tafin ƙafarsa saboda ƙaya da ƙarangiya.

Akwai abu guda da mu na bakin ruwa za mu lura. Kada a watsa wa kare ɗanyen kayan cikin kifi. An tabbatar wa Nijeriya a 2013 cewa ta rabu da kurkunu, amma a ƙasar Cadi ciwon ya ɓulla a jikin karnukan masunta na bakin kogin Shari, har a 2016 aka ƙidaya fiye da kare 1,000 masu shi. Masana suna danganta abin da ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi da karnukan ke ci. A dafa, ko a binne. Hanjin zomo ma haka, domin ta nan tsutsar ciki mai faɗi take shiga kare.

Kaska a cire ta da hannu kowane mako, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Kada a wanke kare da maganin feshin wake, kada kuma a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa. Yana lasa, ya shiga cikinsa. In kare ya fara ramewa, idonsa ya yi fari bayan an shiga kurmin bakin rafi da shi, a tuna da tsando da sammore, a nemi malamin dabbobi da wuri.

Mafi nauyi duka shi ne ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu ta cizon kare, da yawa kuma yara ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, babu magani. Karen farauta ya fi na gida shiga hatsari, domin yana gamuwa da dila da baƙin karnuka a daji, ya komo ya kwanta inda yara ke wasa. Rigakafinsa allura ce: a yi wa kwikwiyo yana wata 3, a sake kowace shekara. Ana yin irinta a Vom, kusa da Jos. Sai dai maganin yana bukatar sanyi, kuma malamin dabbobi ba zai hau babur daga Yelwa saboda kare ɗaya ba. Nan ƙungiya take da amfani. Sakatare ya rubuta karnukan garin duka, a tara kuɗi kamar yadda ake tarawa don taki, a sa rana, a yi sanarwa bayan sujada, a gaya wa mai unguwa domin waɗanda ba 'yan ƙungiya ba su ma su kawo nasu. Masana sun ce in an yi wa kare 7 cikin 10 allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ce aka keɓe a duniya don yaƙi da shi, ta kuwa zo daidai, kafin a buɗe farauta.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan, ko da cizon ƙarami ne. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10, ana ba shi abinci ana dubansa. Wanda ya canja hali, yana dalala, yana cizon itace da dutse, kada yara su kusance shi, a kai rahoto nan da nan.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gonaki da gungu masu yawa, aka tada mutum wajen 44,000 zuwa sababbin garuruwa, dajin da ya rage kuwa kullum gatari yana cinsa. Zomo ba shi da yawa kamar dā. A bar shi da damina, lokacin da ya fi haihuwa, ga shi kuma karnuka suna tattake shuka. Gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, doka ta hana farauta a ciki, kuma kare ba ya sanin iyaka sai maigidansa ya kira shi. Masu cinna wa daji wuta don su kori zomo guda su lissafa abin da ke ƙonewa: harawa, da ciyawar jinka, da 'yan itatuwan ɗorawa da kaɗanya, wani lokaci har da dammunan dawa da ba a kwashe ba. Kare mai hanci, wanda aka hora da fata, yana tada zomo ba tare da ashana ba. Ƙungiyar da ke da dokar tara a kan wanda ya ƙi zuwa gayya tana iya ƙara ta mai sa wuta a littafin, tun kafin iskar hunturu ta taso.