Kimiyya A Cikin Madafa: Abin Da Ke Sa Wainar Ƙwai Ta Tashi

Zancen kimiyya na yau a kan wainar ƙwai ne. Sau da yawa uwargida ta kan fasa ƙwai masu kyau, ta sa mai isasshe, amma idan ta sauke sai wainar ta fito a shafe, da tauri kamar ƙirgi, ruwa yana tsatsafowa a gefenta. Ga asarar ƙwai, ga ɓacin rai, balle idan baƙo ne ke jira. Laifin kuwa ba na kaza ba ne. Abu biyu ne ke hukunta wainar ƙwai, watau iskar da aka shigar cikinta da zafin wutar da aka ba ta.

Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Sauran kuwa yawancinsa wani sinadari ne mai gina jiki, wanda masana ke kira furotin. A cikin ɗanyen ƙwai furotin ɗin nan a naɗe yake, kamar ƙananan ƙullin zare masu yawo cikin ruwa. Idan aka kaɗa ƙwai, ko aka ɗora shi a wuta, sai ƙullin su warware, zaren su kama juna, su zama kamar raga. Wannan raga ita ce ke riƙe ruwa da iska. Farin ƙwai ya kan fara daskarewa wajen digiri 62 zuwa 65 na ma'aunin santigirad, gwaiduwa kuwa wajen 65 zuwa 70. Ashe ƙwai ya kan nuna tun ruwa bai kai ga tafasa ba, gama ruwa sai a digiri 100 yake tafasa.

To, ina tashin ke fitowa? Kaɗawa tana cusa iska cikin ƙwai, ta zama ƙananan kumfa masu yawan gaske. Da zafi ya taɓa su sai iskar ta buɗe, kumfar ta kumbura. Har wa yau, ruwan da ke kusa da gindin kasko ya kan zama tururi, tururi kuwa yana cin wuri kamar sau 1,700 na ruwan da ya haife shi. Shi ya sa cokali guda na ruwa ga ƙwai biyu ya kan taimaka. Idan ragar ta daskare daidai lokacin da kumfa ta kumbura, waina ta tashi ke nan. Amma idan wuta ta yi yawa, sai ragar ta tsuke, ta matse ruwan da ta riƙe kamar yadda a kan matse wanki, waina ta bushe ta yi tauri.

Mutanen Faransa sun daɗe da shahara a wannan sana'a. A tsibirin Mont-Saint-Michel, a gaɓar Normandi, an yi wata mai masauki, Annette Poulard, wadda ta rasu a 1931. Ta yi suna saboda wainar da ta kan yi wa masu ziyara, wadda a kan kaɗa ƙwanta har ya zama kumfa, kana a soya da man shanu a kan wutar itace. Masu dafuwa na ƙasar sun fi son kaɗa farin ƙwai a kwanon jan ƙarfe, tun ba su san dalili ba. A 1984 Harold McGee da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature, suka nuna cewa ɗan abin da ke fita daga jan ƙarfen yana haɗuwa da ɗaya daga cikin furotin na farin ƙwai, kumfar ta ƙara ƙarko. Wanda ba shi da irin wannan kwano, ɗigo kaɗan na lemun tsami ya kan yi aiki makamancin haka.

Ga yadda za a yi a gida. A fasa ƙwai biyu ko uku, a sa ɗan gishiri da cokalin ruwa, a kaɗa da cokali mai yatsu ko maburgi kamar minti ɗaya, har fari da gwaiduwa su zama launi guda, kumfa ta hau sama. Kada a ajiye shi ya jira, domin kumfar ta kan kwanta. A ɗora kasko a matsakaiciyar wuta, a sa man shanu ko man gyaɗa kaɗan. Da an zuba ƙwan, a riƙa jawo gefen da ya nuna zuwa tsakiya, a karkata kasko ɗanyen ya gangara ya cike gurbin. Sa'ad da saman ya daina gudu amma yana ƙyalli, a ninka a sauke, gama zafin da ke cikinta zai ƙarasa aikin. Albasa da tumatir da attarugu, waɗanda teburin mai shayi ya saba wa mutane da su, gara a soya su tukuna, don ɗanyensu ya kan saki ruwa ya kashe tashin.

Mai son waina ta tashi ƙwarai sai ya raba fari da gwaiduwa. Farin ƙwai shi kaɗai yana iya kumbura har sau takwas, muddin kwanon ba maiƙo, domin ko ɗigon gwaiduwa ya faɗa ciki, maiƙonta zai hana kumfa tsayawa. A kaɗa har ya tsaya a bakin cokali, sa'an nan a juya gwaiduwar a ciki a hankali, a soya a ƙaramar wuta, a rufe kasko minti uku ko huɗu. Mazauna Amurka, inda a kan wanke ƙwai a ajiye shi a firiji, su sani ƙwai mai sanyi ya fi jinkirin yin kumfa, sai a sa shi cikin ruwan ɗumi minti kaɗan kafin a fasa.

Saura gargaɗi guda. Ƙwai ya kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna Salmonela, mai kawo zawo da zazzaɓi. Idan mai ciki ce za ta ci, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, ko majinyaci, lalle a bari tsakiyar wainar ta nuna sarai, ta kai digiri 71. Ƙara wuta ba shi ne maganin wannan ba, sai dai a rage ta, a rufe kasko, a ƙara ɗan lokaci. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.