Tela a Cikin Laka: Darasin da Wani Dattijo Kirista Ya Koya Mini

Damanar 2024 ba za ta fita ran mutanen Nijar da wuri ba. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, ta rushe dubban gidaje, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har sai da gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga ranar 2 zuwa 28 ga watan Oktoba. A makarantar da nake koyarwa, bangon aji biyu ya zube. Uwayen yara suka ce ba za a zauna jira ba, a yi gayya.

Ranar gayyar na zo da farar riga, da biro da littafi a hannu. Na ba kaina aikin rubuta sunayen waɗanda suka halarta. A zuciyata ina cewa: ni da na fito daga makarantar horar da malamai, ai hannuna na alli ne, ba na laka ba.

Ina tsaye a inuwa sai na hango wani dattijo, tela ne a unguwar, Kirista, jikarsa tana ajina. Ya naɗe wando har gwiwa yana taka ƙasa. Na ce: "Haba Baba, ku da allura kuka sani, me ya kai ku kwaɓa? Ku fito, ga samari nan."

Ya yi dariya, ya ce: "Mushe, in maƙerin zinariya ya ɗauki dutse, tela wane ne da ba zai taka laka ba?"

Da aka zauna shan fura na ce ya warware mini zancen. Ya ce a Littafi Mai Tsarki nasu akwai littafin Nehemiya, mutumin da ya jagoranci sake gina ganuwar Kudus sama da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sura ta 3 jerin sunaye ce ta waɗanda suka yi aikin, kuma ya ce masu karatu da yawa tsallake ta suke yi. Daga baya ya ara mini littafin na karanta da kaina. Akwai babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa. Akwai Uzziyel maƙerin zinariya, kusa da shi Hananiya mai haɗa turare. Akwai Shallum, mai mulkin rabin birnin, shi da 'ya'yansa mata. Gini ba sana'arsu ba ce, amma kowa ya kama ɓangarensa, aka gama ganuwa cikin kwana 52. A cikin surar an ambaci wasu da suka noƙe: manyan garin Tekowa, waɗanda suka ƙi sa wuyansu ga aikin alhali talakawansu suna yi.

Baba bai ce da ni nake ba. Littafin hannuna kawai ya kalla. Na ajiye shi, na tuɓe rigar.

Abin da ya fi yi mini wuya ba nauyin tubali ba ne. Maginin da ke jagorantar aikin tsohon ɗalibina ne, wanda ya bar karatu tun firamare. Na jera tubali layi uku ina jin na iya, ya zo ya ɗora igiya, ya ce: "Mushe, ku yi haƙuri, ya karkace. Sai an kwance." A gaban yara! Raina ya ɓaci. Sai na ga shi ma Baba an kwance masa nasa, ya ce wa yaron: "To malam, nuna mini kuma." Dattijon da ya haifi kamar uban yaron.

A hanyar gida ya ce mini a wajensu hidima ba ita ce ka ba da abin da ka ƙware a kai a yaba maka kawai ba. Ya ba ni labarin da ke cikin Linjilar Yohanna sura 13, inda Yesu ya ɗaura mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da barori ke yi, har Bitrus ya so ya ƙi. Shi ya sa coci-coci da yawa ke wankin ƙafa ranar Alhamis ta kafin Ista. A 2013 Paparoma Francis ya yi nasa a gidan kason matasa a birnin Rum, cikin waɗanda ya wanke wa har da Musulmi.

Ni Musulmi ne, aƙidarmu da ta Baba ba ɗaya ba ce, kuma bai nemi na sauya ba. Amma ya tuna mini abin da na sani na manta: Manzon Allah (SAW) ya ɗauki tubali a ginin masallacin Madina, ya kuma yi haƙa tare da sahabbai a yaƙin Khandak. Na sha koya wa yara wannan da baki, sai ga tela Kirista ya nuna mini shi da ƙafa.

An koma karatu a cikin aji, ba a rumfar zana ba. Akwai wani gefe na bangon ajina da ya ɗan yi ciki. Ni na gina shi, bayan gyara biyu.