Tiyon Da Ido Ba Ya Gani A Tsohuwar Motar Ƙungiya

Ƙungiyar manoma da ta yi ƙoƙari ta tara kuɗi har ta sayi mota, galibi tsohuwa ta ke samu. Ita ce za ta kwaso taki da farkon damina, ita za ta kai gero da wake kasuwa da kaka, ta ɗauki albasar fadama da rani, in kuma ciwo ya tsananta wa wani cikin gida ita za ta kai shi asibiti a Sakkwato. Mambobi su kan lura da taya da batir, gama ido yana ganinsu. Amma abin da ya kan kashe inji sau da yawa ɗan guntun roba ne wanda bai fi taki ɗaya na hannu ba, yana ɓoye a bayan inji ko a ƙarƙashin daɓen mota.

A ƙasar Gobir maganar ta wuce ta kuɗi. Duk wanda ya ke bin hanyar Gatawa zuwa Sabon Birni, ko ta Sabon Birni zuwa Isa da Shinkafi, ko ta Goronyo, ya san tsayawa a daji ba wasa ba ne. A kan hanyar Goronyo ne 'yan bindiga suka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yuli na 2024, suka kashe shi a watan Agusta. Motar da lafiyarta ƙalau ma addu'a a ke yi mata ta isa gari, balle wadda za ta tsaya tana tururi da magariba da mutane goma sha a ciki.

A da, gyaran nan ba ya da wuya. Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da ka ɗaga murfin gaba sai ka ga kome a fili. Tsohuwar Volkswagen Kombi kuwa iska ce ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto balle tiyo. Amma bas irin su Toyota Hiace ƙirar 1989 zuwa 2004, da Mitsubishi L300, injinsu yana ƙarƙashin kujerar gaba. Kana ɗaga kujerar fasinja za ka ga rabin inji kawai. Sauran rabin sai an kwance kujerar direba da faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ko kuwa mutum ya kwanta a ƙasa.

Tiyo biyu ne kowa ya sani. Na sama yana kai ruwan zafi daga inji zuwa lagireto, na ƙasa yana komo da shi zuwa famfon ruwa bayan ya huce. Waɗannan su a kan canja. Waɗanda a ke mantawa su ne ƙanana: ɗan gajeren da ke kusa da famfon ruwa, da waɗanda ke zagawa ta bayan kan silinda, da na hita. Yawancin motocin nan an yi su ne domin ƙasashen sanyi, suka shigo mana ta Kwatano ko ta Legas. Sabo da haka suna da hita a gaba, waɗansu har da ta biyu a baya domin fasinja, da bututun ƙarfe da tiyo suna bi ta ƙarƙashin mota. Direba a Gatawa zai yi shekara biyar bai murɗa makunnin hita ba, har ya manta akwai ta. Ruwan inji kuwa bai manta ba, kullum yana matsa wa tiyon nan, shi kuma tiyon yana nan tun ran da aka ƙera motar, shekara ashirin ko talatin ke nan.

Ga dalilin da ya sa ƙaramin rami ya ke zama babbar ɓarna. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfin lagireto yana riƙe matsi, kuma mai lamba 0.9 a bisansa yana hana ruwa tafasa sai ya kai kusan digiri 120. Da tiyo ya tsage, matsin ya tafi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 sai ya tafasa nan take, ya fice cikin minti kaɗan. Abin ban tsoro shi ne allurar zafi tana iya ruɗin direba. Ita zafin ruwa ta ke aunawa, in ruwan ya ƙare ba abin da ya ke taɓa ta, sai ta tsaya ko ma ta sauko, alhali inji yana ƙonewa. Daga nan gaskit ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe ko ya tsage. Kuɗin tiyo duka na motar bai kai kusa da kuɗin wannan gyara ba.

Lokacin dubawa mafi kyau sau biyu ne a shekara: kafin kaka, da kuma ƙarshen hunturu kafin zafin bazara, sa'ad da rana a ƙasar Sakkwato ta kan wuce digiri 40. A duba da sassafe, inji da sanyi. A bi kowane tiyo da hannu daga wannan baki zuwa wancan, a matsa shi, musamman kusa da kilif, gama daga ciki roba ta ke ruɓewa, kuma daga bakin ta kan fara. Lafiyayyen tiyo yana da ɗan tauri, yana komawa yadda ya ke in an sake shi. In ya yi laushi kamar nunanniyar gwanda, ko ya kumbura, ko ya bushe yana ƙas-ƙas, kwanansa ya ƙare. Farin gari ko kore da ya daskare a bakin tiyo alamar yoyo ce. Tiyon da baƙin mai ya ke ɗiga a kansa shi ma ba ya daɗewa, sai a gyara yoyon man tare. Inda ido ba ya kaiwa, a ɗaura ɗan madubi a sanda a haska da tocila. In kuwa yaron mota yana ƙara ruwa kowace safiya, to ruwan nan yana fita ta wani wuri, kada a ɗauka halin tsohuwar mota ne.

Shawararmu ita ce, in ɗaya daga cikin tsofaffin tiyo ya fashe, a canja sa'o'insa duka rana ɗaya. Ma'ajin ƙungiya zai yi tsaki, amma wahalar aikin tana wajen kwance kujera da zubar da ruwa, ba wajen tiyon ba.

Wajen saye, a tafi da tsohon tiyo a hannu zuwa Sakkwato ko Gusau, ko a aika da shi Ƙofar Ruwa a Kano. Faɗin ramin ciki shi ne ma'auni. Na hita yawanci milimita 16 ne, watau inci 5/8, manyan na lagireto kuwa tsakanin milimita 32 da 38. Kada a yarda da tiyon injin ban-ruwa ko na fetur don girmansu ya yi daidai, ba don ruwan zafi mai matsi aka yi su ba. Kada kuma a sayi na gwanjo da aka ciro daga wata mota, tsufansu ɗaya da naka. In tiyon mai gwiwa ne, kada a tanƙwara miƙaƙƙe a madadinsa, zai naɗe ya toshe ruwa. Gara a nemi na wata mota mai gwiwa irin wannan a yanke daidai. A sayi sababbin kilif tare.

Ran aiki, a sa motar a wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare taya da duwatsu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai, musamman a ƙasa mai rairayi irin tamu, sai an tara mata kututture mai ƙarfi. A cire wayar batir ta gefen alamar ragi. Kafin a taɓa kome, a ɗauki hoto da waya ko a zana a takarda inda kowane tiyo ya bi. Sa'an nan a kwance kujera da duk abin da ya tare hanya, kamar akwatin matatar iska. Mai ƙyuyar kwance noti huɗu shi ya kan ɓata sa'a biyu yana lalube, ya fito da yankakken hannu.

A buɗe makunnin hita zuwa zafi, a tara kwano, a buɗe magudanar ƙasan lagireto. In ruwan yana da launi, kore ko ja, watau kulan ne na kanti, to dafi ne, kuma yana da zaƙi. Awaki da kaji da karnuka suna sha su mutu, yara ma suna iya kurɓa. A zuba shi a jarka mai murfi, kada a watsar a tsakar gida ko kusa da rijiya.

Kilif iri biyu ne. Akwai na matsewa wanda a ke kama kunnuwansa da filaya, akwai na sukuru. A lungu, filaya mai dogon baki ita ce ta na farko. Na sukuru kuwa, sukudireba ya kan zame, gara ƙaramin soket na milimita 7 ko 8 da dogon hannu. Bayan an ja kilif baya, sau da yawa tiyo zai ƙi fita, ya manne kamar an sa masa ƙaro. A murɗa shi hagu da dama tukuna. In ya ƙi, kada a sa ƙarfe a ɓanɓare, gama bakin hita da na lagireto tagulla ne marar kauri ko roba mai ƙarfi da ta riga ta tsufa, in ya karye an sayo sabon aiki. Tun da tiyon zubarwa za a yi, a tsaga bakinsa a tsaye da reza a hankali, a ɓare shi kamar ɓawon rake. A goge bakin bututun da sanfefa. In tsatsa ta huda shi ko ta cinye leɓensa, sabon tiyo ba zai riƙe ba, sai an canja bututun.

Ga wata dabara domin tiyon da ke bi ta bayan inji inda hannu ba ya shiga. Kafin a zaro tsohon, a ɗaura igiya a bakinsa. Ana jawo shi igiyar tana bin hanyarsa. Sai a kwance, a ɗaura wa sabon, a jawo shi ta ɗaya gefen. A yi su ɗaya bayan ɗaya, kada a cire duka a rikice. A jiƙa bakin sabon tiyo a ruwan zafi ya yi laushi, a shafa masa ruwan sabulu kaɗan. Ban da giris, ban da baƙin mai, suna cin irin wannan roba. A zura kilif a jikin tiyo tun kafin a sa shi, a juya kan sukurun ya dubi inda hannu zai same shi wata rana. A tura tiyo har ya haye leɓen bututu, kilif ya zauna a bayan leɓen, a ɗaure sosai amma ba har ya yanki roba ba. A duba kada tiyo ya taɓa bututun hayaƙi ko fambel, ko ya riƙa gogar ƙarfe mai kaifi.

Hitar baya, a ganinmu, ba ta da amfani ga motar da ke ɗaukar buhuna. Makaniki yana iya raba ta da inji, ya haɗa bakin da ruwa ke fita da wanda ya ke komowa da ɗan guntun tiyo mai gwiwa, shi ke nan an huta da dogayen bututun ƙarƙashi. Ta gaba kuwa, in ba ta yoyo a bar ta. Tana da daɗi da asubar hunturu, kuma in inji ya fara zafi a hanya, kunna ta yana rage masa kaɗan. Sai dai kada a bar makaniki ya jefar da tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke buɗewa a wajen digiri 82, wai don ƙasarmu da zafi. Ba shi inji ya kan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. In ya lalace a sa sabo.

Wajen cikawa, ruwan rijiya yana barin farin dutse a cikin lagireto kamar yadda ya ke yi a buta, ruwan gulbi kuma ga laka. Kulan ya fi, domin yana hana tsatsa. In ba hali, a tace ruwan sama a yi amfani da shi. A sa gaban motar ya ɗan hau tudu, a zuba a hankali, ana matsa tiyon sama iska tana fita. A tā da inji murfi a buɗe, hita a kunne, har tiyon sama ya yi zafi kumfa ta daina tasowa, a ƙara ruwa, a rufe. A zaga gari, a komo a duba kowace mahaɗa da tocila. Washegari da safe a sake duba ruwa, bayan mako guda kuma a ƙara ɗaure kilif na sukuru, gama sabuwar roba ta kan kwanta. Magatakarda ya rubuta ranar da sunan tiyon da aka canja a littafin mota, don direba yana iya canjawa.

In duk da haka tiyo ya fashe a hanya, kada a buɗe murfi da zafi, tururin yana saluɓe fata. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin injin da ya yi ja, a jira ya huce. In tsagar tana kusa da baki, a yanke wurin a mayar da tiyon. In a tsakiya ta ke, a naɗe da robar tsohon tif a ɗaure da waya, a sassauta murfin lagireto zuwa maƙalarsa ta fari don kada matsi ya taru, a tafi a hankali ana ƙara ruwa. Amma in wurin ba na tsayawa ba ne, direba ya ci gaba zuwa gari mafi kusa ko da inji zai tafi, kuma ya kamata ƙungiya ta faɗa masa haka a gaban taro tun kafin ranar ta zo, don kada tsoron biyan inji ya tsayar da shi a daji. A ƙarƙashin kujera a riƙa ajiye jarkar ruwa, da filaya, da kilif huɗu, da robar tif, da tsofaffin tiyon sama da na ƙasa da aka cire in ba su fashe ba.