Matsayin Nijeriya a Rikicin Angola, 1975 zuwa 1976

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda ƙasa takan yanke shawara a lokacin da al'amuran duniya suka tsuke ta, ya zama duk hanyar da ta bi sai ta ɓata wa wani rai. Mun zaɓi rikicin Angola ne domin a nan aka ga gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammad ta sauka daga ra'ayin da take kai cikin 'yan makonni kaɗan, ta kuma fito fili ta ja da Amurka. Abin da muke son nunawa shi ne, zaman tsaka-tsaki yana da iyaka, kuma akwai lokacin da shi kansa yakan koma goyon bayan wani ɓangare.

Asalin rikicin

A watan Afrilu na 1974 sojojin Fotugal suka kifar da gwamnatinsu, suka kuma amince su saki ƙasashen da suke mulka a Afirka. A Angola ƙungiyoyi uku ne suka yi yaƙin neman 'yanci, watau MPLA ta Agostinho Neto, wadda ƙarfinta yake a birnin Luwanda da cikin ƙabilar Mbundu, da FNLA ta Holden Roberto a arewa cikin Bakongo, da kuma UNITA ta Jonas Savimbi cikin Ovimbundu, waɗanda su ne suka fi kowace ƙabila yawa. Yarjejeniyar Alvor ta Janairun 1975 ta tsara musu gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin gwiwa, ta sa ranar 11 ga Nuwamba ta zama ranar 'yanci. Ba a je ko'ina ba suka fara kashe juna. Tarayyar Sobiyet ta ba MPLA makamai, Amurka kuwa ta riƙa taimakon sauran biyun a asirce ta hannun Mobutu na Zayar.

Har zuwa wannan lokaci ra'ayin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka shi ne a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, kada a fifita kowa. Nijeriya ma a kan haka take, kuma Kwamishinan Harkokin Waje, Kanar Joseph Garba, shi ne abin da yake faɗi a ko'ina. Bai kamata mu raina wannan ra'ayi ba. Ƙasar da ta fita daga yaƙin basasa a 1970, ta kuma ɗanɗani zafin amincewar da wasu ƙasashen Afirka suka yi da Biyafara, tana da dalilin jin tsoron zaɓar ɓangare a gidan wani.

Abin da ya sauya lissafi

A watan Oktoba na 1975 sojojin Afirka ta Kudu suka tsallako daga Namibiya, suka nausa arewa tare da mayaƙan UNITA da FNLA. A farkon Nuwamba Kuba ta fara aiko da dakarunta don ceto MPLA. Ranar 10 ga Nuwamba aka fatattaki rundunar FNLA da sojojin Zayar a Kifangondo, dab da Luwanda, washegari Neto ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Angola.

A nan ne matsalar take. Kalmar “haɗin kan ƙasa” ba ta sauya ba, amma ma'anarta ta sauya. Da farko tana nufin sulhu tsakanin 'yan'uwa uku. Bayan Oktoba kuwa ta koma nufin a tilasta wa MPLA ta raba mulki da mutanen da gwamnatin wariyar launin fata ta ɗauko a cikin motocinta masu sulke. Wanda ya ci gaba da cewa shi ba ruwansa, to, ya ba wa Afirka ta Kudu abin da ta shigo nema, ko ya nufa ko bai nufa ba. Ranar 25 ga Nuwamba Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA, daga bisani ta ba ta gudummawar dala miliyan 20, ta kuma aika jakadu ƙasashen Afirka suna neman goyon baya.

Amurka ba ta yi shiru ba. Shugaba Gerald Ford ya rubuta wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su amince da MPLA, yana kuma ɗaure ficewar Afirka ta Kudu da ficewar Kuba da Sobiyet. Maimakon a amsa a asirce kamar yadda aka saba a harkar jakadanci, sai gwamnatin Nijeriya ta ba jaridu wasiƙar, ta bayyana ta a matsayin raini ga hankalin Afirka. A taron musamman na Adis Ababa, ranar 11 ga Janairun 1976, Murtala ya yi jawabinsa da ya shahara, inda ya nuna cewa Afirka ta wuce lokacin da za a riƙa ba ta umarni daga waje.

Sau da yawa masu ba da wannan labari a nan suke tsayawa, kamar jawabin ya rinjayi zauren. Ba haka aka yi ba. Taron ya watse ne da ƙasashe 22 a bayan MPLA, 22 a bayan ƙudurin Senegal na haɗin kan ƙasa, Habasha da Yuganda suka ƙaurace. Sai da MPLA ta ci galaba a fagen fama, Majalisar Dokokin Amurka kuma ta toshe kuɗin taimakon asiri, sa'an nan ƙasashe suka riƙa sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 11 ga Fabrairu Ƙungiyar ta karɓi Angola, kwana biyu kafin a kashe Murtala a Legas. A ƙarshen Maris Afirka ta Kudu ta janye.

Wajibi ne kuma mu faɗi abin da ya ba Nijeriya wannan baki. Farashin mai ya ninka kusan sau huɗu daga 1973 zuwa 1974, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu sayar wa Amurka ɗanyen mai. Ƙasashe irin su Zambiya, wadda take cikin waɗanda suka ƙi MPLA a Adis Ababa, ba lallai ne a ce tsoro kaɗai ya hana su ba: kafin yaƙin, kaso mai yawa na tagullarta ta kan layin dogo na Bengwela yake fita, kuma layin ya ratsa yankin UNITA.

A ganinmu shawarar ta yi daidai da halin da ake ciki a Nuwamban 1975, domin ta hana Afirka ta Kudu ta kafa gwamnati a Luwanda da yardar Afirka. Amma ba ta warware tambayar da masu ra'ayin haɗin kai suka yi ba, watau ina za a kai Ovimbundu da Bakongo. MPLA ta kafa mulkin jam'iyya ɗaya. Amurka ta soke dokar hana taimakon a 1985, ta koma ba Savimbi makamai. Sojojin Kuba ba su gama fita ba sai 1991, zaɓen 1992 ya ƙare da sabon faɗa, kuma bindiga ba ta yi shiru a Angola ba sai bayan da aka kashe Savimbi a Fabrairun 2002.