Baƙo Shi Ke Raya Gari: Labarin Salaga Da Zangon Kete

Duk falken da ya taɓa sauke kaya a garin da bai san kowa ba, ya san nauyin lokacin nan na tsakanin la'asar da magariba. Jakai sun gaji, ruwan gora ya ƙare, ba ya jin harshen mutanen gari, ga kuma dukiyar mutane ɗaure cikin mangala. A wannan sa'a babu abin da ya ke bukata kamar mutum guda wanda zai taso daga zaurensa ya ce masa maraba. Haka nan almajirin da ya bar gida neman karatu, ya tsaya bakin tsangaya da allonsa da buzunsa, yana jiran wanda zai ce masa ya shigo. Abin da ya sami garin Salaga na ƙasar Gwanja, da wani ɗan zango mai shiru da a ke kira Kete, ya isa ya nuna wa mai hankali cewa wannan maraba ita ke raya gari, rashinta kuwa shi ke mai da birni kufai.

Salaga tana cikin arewacin ƙasar Gana ta yau. A ƙarni na 19 ita ce uwar kasuwar goro ga mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, har sunan Gwanja ya zama ɗaya da fatauci mai nisa a bakin Hausawa. Abin mamaki shi ne, goro ba ya yi a Salaga. Can kudu ya ke, cikin kurmin Asante, watau ƙasar Tonawa. Sarakunan Asante galibi ba su barin fataken arewa su kutsa cikin kurmi, saboda haka sai mutanensu su ɗauko goro a ka su kawo Salaga, a haɗu nan a yi ciniki. Ruwan garin ma ba shi da yawa, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi barkatai waɗanda har yau a ke ganin bakunansu. Ashe ke nan arzikin Salaga duka a ƙafar baƙi ya ke zuwa.

Ayari ya kan tashi daga ƙasar Hausa bayan damina, madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, ga malamin ayari mai addu'a da rubuta lissafi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara da wannan hanya. Su kan ɗauki kanwa da turkuɗi da jan fata da gabu, su ƙetare Kwara, su bi ta Bargu da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, suna biyan fito da kuɗin hanya ga kowane sarki, sai bayan watanni su ga rufin Salaga.

To, a nan aikin mai masauki ya ke farawa, wanda fatake ke kira fatoma ko mai gida. Tun ayari bai shiga gari ba ya kan aika yaransa su tarye shi. Ya ba baƙo ɗaki, ya ba shi wurin ajiye kaya da turken dabbobi, matan gida su aiko da ruwa da abinci. In gari ya waye ya kai shi gaida sarki da liman, domin a san fuskarsa. Sa'an nan ya gaya masa farashin kasuwa na gaskiya, da wanda a ke ba bashi da wanda ba a ba, ya tsaya masa tafinta, ya haɗa shi da dillali. In an sayi goro, shi zai nuna masa inda a ke samun ganyen fita mai kyau da masu iya ɗaurin huhu, don kada kaya su lalace kafin a kai gida. In baƙo ya yi ciwo a gidansa za a yi jinya. In ya rasu shi zai tsaya a yi masa sutura, ya riƙe dukiyarsa amana har magada su zo ko su aiko. Ladansa na duniya shi ne la'adar da ke fitowa daga ciniki, da kyautar da baƙo ke yi masa ran sallama. Amma babban jarinsa sunansa ne, gama falken da ya ji daɗin masauki shi zai komo baɗi, ya kuma jawo ɗan'uwansa.

Har Bature ya sami wurin zama a wannan gari. Wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause ya zauna cikin mutanen Salaga yana ciniki yana nazarin harsuna, har aka san shi da sunan Malam Musa. Amma gaskiya ba ta yarda a ɓoye cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce kuma. Waɗannan bayin Allah da aka kawo a ɗaure ba wanda ya yi musu shimfiɗa, alhali da yawa daga wahalar ruwa da itace da noman da ke ciyar da baƙi a wuyansu ta ke. Wannan tabo ne a tarihin garin, ba kuwa abin koyi ba ne.

Raunin Salaga ya fara a shekarar 1874, sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi. Da labari ya iso arewa, sai mutanen Gwanja suka tayar wa Asante, aka kashe Tonawan da ke zaune Salaga. Waɗannan kuwa su ne baƙin da ke kawo goro. Asante suka toshe hanya, ciniki ya karkata zuwa Kintamfo da waɗansu kasuwanni. Gari bai gama farfaɗowa ba sai ga fitina ta biyu a shekarar 1892, yayin da gidajen sarautar Kpembe, inda sarkin da ke mulkin Salaga ya ke zaune, suka yi yaƙi kan gadon sarauta. Aka washe gari, baƙi suka ga ba su da mai tsaya musu, kowa ya ɗaure kayansa. Masu masauki suka wayi gari da ɗakuna ba kowa. Salaga tana nan har yau, gari ne mai mutane da hukuma, amma ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Da yawa daga waɗanda suka fita sun gangara kudu zuwa Kete, kusa da garin Karaci a bakin kogin Bolta. Kafin wannan lokaci Kete ƙaramin zango ne na Musulmi 'yan kasuwa, ba a jin ɗuriyarsa kamar Salaga, sai dai jiragen ruwa masu kawo gishirin Ada daga bakin teku su kan tsaya nan. Mutanen Karaci masu ƙasa ba Musulmi ba ne, suna da tsafinsu mai suna Dente, zama da su kuwa bai rasa tsami ba. Duk da haka waɗanda suka riga zama a Kete suka buɗe wa masu gudun hijira zaurukansu, aka nuna musu filin gini, aka matsa musu a sahun salla da rumfar kasuwa. Cikin 'yan shekaru kaɗan ɗan zangon nan ya zama kasuwar da a ke kwatance da ita, har Jamusawa suka kafa bariki a wurin a shekarar 1894.

Mafi girman abin da Kete ta samu cikin waɗannan baƙi ba falke ba ne, malami ne. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano a shekarar 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya zauna Salaga yana karantarwa, bayan yaƙi kuma ya koma Kete ya zama limaminta. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya rubuta labarun ƙasar Hausa da ajami domin wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, tun yana saurayi kuma ya wallafa littafi kan yadda a ke rubuta wasiƙa. Almajirai suka riƙa zuwa wurinsa daga nesa, suka watsu cikin zangunan ƙasar suna limanci da karantarwa. Ya rasu a Kete a shekarar 1934. Tsohon garin ma ruwa ya ci shi bayan da aka gama madatsar Akosombo a shekarar 1965, aka tashi mutane zuwa sabon wuri, amma sunan Kete-Karaci bai ɓace daga bakin malamai ba saboda baƙon nan guda. Ran da ya iso da littattafansa, wanda ya shimfiɗa masa tabarma bai san abin da ya shigo gidansa ba.

Wannan al'ada ba ta mutu tare da ayarin jakai ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, goro kuma ya yawaita a ƙasar Yarbawa, sai masauki ya bi hanyar dogo. A Badun aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a shekarar 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinta yana bincike, ya fitar da littafinsa a shekarar 1969, ya bayyana yadda mai gida ke aiki. Falke ya kawo shanu daga arewa, mahautan gari ba su sayen shanu sai bashi, shi kuwa bai san kowa cikinsu ba. Mai gida shi ke tsayawa tsakani, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya daga aljihunsa. Mai son goro kuma ya kan aiko da kuɗinsa daga arewa, mai gida ya saya ya ɗaure ya sa a jirgi. Yaron da ya zo Sabo ba shi da ko anini ya kan kwana zauren wani mai gida, ya ci tuwonsa, ya yi masa aike, a hankali ya zama dillali, a yi masa aure, wata rana shi ma ya sauki nasa baƙi. Ta haka unguwa ke samun magada.

Zamani ya kuma nuna abin da ke faruwa in hukuma da kanta ta juya wa baƙo baya. A watan Nuwamba na shekarar 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasa. Dubban mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, rumfuna suka zama kango. A shekarar 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, mutanen Gana wajen miliyan guda suka koma gida da kayansu a ka. Kowane ɓangare ya ɗanɗana zafin abin da ya yi wa ɗan'uwansa.

Malamai sun san asalin wannan al'amari tun daga Madina. Bayan hijira a shekarar 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, kowane baƙo aka ba shi mutum takamaimai. Abdurrahman ɗan Aufu ya faɗa hannun Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi godiya ya sa masa albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, daga baya kuwa ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Hikimar da ke nan ita ce ba a bar baƙo ga jama'a a dunƙule ba, domin abin da aka bar wa kowa ba mai yinsa. Sunna kuma ta sanya liyafar baƙo kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ne.

Yau akwai wurare da yawa da suka yi shiru irin na Kete ta farko. Akwai zauren karatu da ya rage dattijai biyar, da masallacin unguwa da sahu ɗaya ba ya cika, da layin kasuwa da masu saye suka ƙaurace masa. Mutanen irin wannan wuri sun daɗe tare, kowa ya san maganar kowa tun bai faɗa ba, saboda haka in sabuwar fuska ta shigo sai a amsa sallama a yi tsit. Ba ƙiyayya ba ce, sabo ne, amma baƙo ba shi da hanyar da zai bambanta su. Ya zauna yini ɗaya ko biyu, ya ga ba wanda ya tambayi sunansa, sai ya sulale, mutanen wuri kuma su ci gaba da kukan cewa ba mai zuwa.

Maganin abin yana cikin aikin fatoman Salaga. Mutum guda ya ɗauki baƙo a matsayin nasa, ya riga shi gaisuwa, ya tambayi sunansa da garinsu, ya kai shi ga liman da mai unguwa. Ya gaya masa dokokin wuri tun bai taka su ba, gama baƙo ko da idonsa makaho ne, tsawa a gaban jama'a kan laifin da bai sani ba kuwa ta isa ta kore shi har abada. In ya yi tambayar da aka amsa sau ɗari, a amsa masa kamar yau aka fara jinta. Bayan 'yan kwanaki a ba shi ɗan aiki, ko shimfiɗa tabarmi ko jan baƙi a karatu, domin wanda aka sa aiki ya san an lissafa da shi. Shi kuma baƙo ya kama bakinsa har ya gane wuri, ya girmama na gaba da shi, kada ya zo da gyara ran da ya sauka, ya tuna da ɗan gari a kan ci gari.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutanen Kete ba su da goron Asante, ba su da sunan Salaga, sai zaure a buɗe da wanda zai ce maraba, da wannan kuwa suka sami kasuwa suka sami malami. Allah ya ba masu masauki haƙuri da yalwa, ya ba baƙi ladabi da amana, ya sada kowane matafiyi da mai karɓarsa. Amin.